Ƙasar Gazawa da Jirgin Kano: Tarihin Safarar Kaya Tsakanin Tashoshi Biyu

A duk tsawon ƙarni na 20 ba a shimfiɗa ko taku ɗaya na layin dogo a cikin ƙasar Nijar ba. Duk da haka, wanda ya so ya gane yadda noma da ciniki suka sauya a ƙasar Gazawa da Agye da Gidan Runji tun daga zuwan Turawa, tilas ne ya fara da tarihin jirgin ƙasa. Dalili kuwa shi ne, kuɗin da manomin wannan yanki yake samu a kan buhun gyaɗarsa, da irin abin da yake shukawa, har ma da hanyar da jakinsa yake bi da kaka, duk sun daɗe suna rataye a kan tashoshin jirgi guda biyu waɗanda ba ko ɗayansu a cikin ƙasarsa. Ta farko ita ce tashar Kano, wadda take kusa amma a hannun Ingilishi. Ta biyu ita ce tashar Paraku ta ƙasar Dahome, wadda take can nesa amma a hannun Faransawa.

Yadda hanya take kafin jirgi

A watan Janairu na 1851 Bature matafiyin nan Heinrich Barth ya bi ta Gazawa. Daga Tasawa ya fito, yana tare da ayarin gishiri na Abzinawa, ya nufi Katsina da Kano. Ya tarar da gari mai kafi, kuma tsakaninsa da Katsina akwai daji mai hatsari, saboda yaƙin da ba ya ƙarewa tsakanin Katsinawan da suka yi ƙaura zuwa Maraɗi bayan jihadi da sarakunan Fulani da suka gaje birnin Katsina. Abin lura a cikin wannan labari shi ne fuskar da hanya ta dosa. A wancan zamani Gazawa zango ce a kan hanyar da ta taso daga arewa ta yi kudu, watau daga Tarabulus da Gat da Agadas, ta ratsa Damargu, ta faɗa Katsina da Kano. Gishiri da kanwa da dabino da hajar bakin teku su suke gangarowa, hatsi da baƙin Kano da ƙirgi da gashin jimina su suke haurawa. A yau kuwa babbar hanyar da ta ratsa Gazawa, watau hanyar ƙasa mai lamba 1, daga yamma ta taso ta yi gabas, daga Yamai zuwa Damagaram. Tsakanin waɗannan hanyoyi biyu ne tarihin jirgi ya shiga.

Iyakar da ta raba Gazawa da Katsina ba a tsai da ita rana ɗaya ba. Yarjejeniyar 1898 ta bai wa Ingila da'ira kewaye da Sakkwato mai nisan mil 100 daga birnin, sai Faransawa suka tarar ba su da hanya mai ruwa daga Kogin Kwara zuwa Damagaram. Aka sake zama a 1904 da 1906, aka janyo iyakar kudu, sa'an nan tawagar Tilho da O'Shee ta bi ta kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Ta haka ne Maraɗi da Tsibiri da Gazawa da Tasawa suka tabbata a hannun Faransa. Rijiyoyi Faransawa suka nema a wannan ciniki, don sojojinsu su sami abin sha a kan hanya. Ba su san cewa ƙasar gyaɗa suka samu ba, ba su kuma lura da cewa ƙofar fitar wannan ƙasa zuwa teku ta rage a hannun abokan hamayyarsu ba.

Jirgi ya iso Kano

A 1907 gwamnatin Ingila ta yarda a gina layin dogo daga Baro, wani gari a bakin Kwara, zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 570. Aka kawo Sir Percy Girouard, wanda injiniyan reluwe ne, aka ba shi mulkin Arewa musamman don wannan aiki. Leburori kuwa ta hannun sarakuna aka ɗebo su, da yawansu ba da son ransu ba. Ƙarfen jirgi ya iso Kano a watan Maris na 1911, aka buɗe layin ga ƴan kasuwa a 1912. A lokacin an riga an haɗa shi da layin da ya taso daga Ikko, a Minna, ko da yake sai a 1916 aka gama gadar Jaba. Kafin nan da jirgin fito ake ƙetarar da taragu. Faɗin layin ƙafa 3 ne da inci 6, watau milimita 1,067, kuma daga Kano zuwa Ikko tafiyar kimanin kilomita 1,130 ce.

Fataucin hamada shi ya fara jin jiki. Ayarin da yake kwashe watanni daga Tarabulus zuwa Kano ba shi da yadda zai yi da jirgin da yake kai kaya bakin teku cikin ƴan kwanaki. A shekarar 1911 ɗin nan kuma Italiya ta kai wa Tarabulus yaƙi, ƙofar arewa ta ƙara toshewa. Stephen Baier, a cikin littafinsa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar, ya nuna yadda Damagaram da Damargu suka juya wa hamada baya suka fuskanci kudu a waɗannan shekaru. Haka fataucin goro ya sauya: maimakon ayarin jakai da yake zuwa Gwanja ta ƙasa, sai aka koma ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can a sa shi a jirgin ƙasa. Alhasan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara bin wannan sabuwar hanya.

Auduga Turawa suka yi wa wannan layi. Masu masaƙu na Lankasha sun sa rai ƙasar Hausa za ta wadace su da ita, har ƙungiyarsu ta masu bunƙasa noman auduga ta kafa injinan gurza ta zauna jira. Amma masaƙan Kano sun fi Bature sayen auduga da daraja, manomi kuma ya san ba a cin auduga idan shekara ta ɓaci. Gyaɗa ita ta zo daidai. A Turai an gano hanyar daskarar da man tsirrai a yi man shafa wa burodi da shi, kuɗin gyaɗa ya tashi. Tsofaffin fataken goro, waɗanda suke da jari da yara a ƙauyuka, suka karɓi kuɗin kamfanoni suka bazu suna gaya wa manoma abin da ake so. Da kakar 1912 ta zo, gyaɗar da ta taru a Kano ta fi ƙarfin tasha, aka riƙa jibge buhuna a fili. A 1913 an fitar da kimanin tan 19,000, alhali a shekarun da suka gabata ƴan dubbai kaɗan ne. Jan Hogendorn ya bi diddigin wannan al'amari a cikin littafinsa da aka buga a Zariya a 1978, kuma hukuncin da ya yanke yana da ƙarfi: manoma da fatake su suka zaɓar wa jirgi kayan da zai ɗauka, masu jirgin bin su suka yi.

Daga baya aka miƙa rassa biyu zuwa wajen iyaka. Ɗaya ya tashi daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ɗayan ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930. Idan aka duba taswira za a ga sun buɗe kamar ƙahonin sa, ɗaya yana kallon Gobir, ɗaya yana kallon ƙasar Manga, Katsina da Maraɗi kuwa suna tsakani babu layi. A miƙe, Ƙauran Namoda ta fi Kano kusa da Gidan Runji da Maraɗi, amma kamfanoni da bankuna da manyan attajirai a Kano suke, hanyar mota mai kyau kuma ta Katsina ta bi. Saboda haka Kano ce ta zama tashar ƙasar Gazawa.

Gyaɗa ta ƙetara iyaka

Ƙasar da ke tsakanin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba jigawa ce, irin wadda gyaɗa take so, kuma tana cikin sassan Nijar da suka fi samun ruwan sama. Zaman lafiyar da ya biyo bayan yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 ya sa mutane suka fito daga garuruwa masu kafi suka sare daji suka kafa ƙauyuka, har dajin da Barth ya ji tsoronsa ya zama gonaki. Sai kuma ga haraji. Faransawa sun ƙi wuri, sun ce sai tamma, tamma kuwa ba ta da yawa a hannun jama'a. Hanya mafi sauƙi ga talaka ita ce ya kai gyaɗa ko dabba kasuwannin Ingilishi ya karɓo sule, ya canza, ya biya lampo. Watau tun kafin hukumar Faransa ta kula da gyaɗa, talakawanta sun riga sun shiga cinikin jirgin Kano.

A shekarun 1920 da 1930 kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna a Maraɗi, cikinsu har da CFAO da SCOA da Compagnie du Niger Français, wanda reshe ne na rukunin kamfanonin da suke riƙe da cinikin gyaɗa a Kano. Hukuma ta shiga ba da rancen iri, ta ƙayyade kasuwannin da za a kafa sikeli da ranar buɗe kaka. Yadda aikin yake tafiya shi ne: manomi ya tuge gyaɗa wajen watan Oktoba, ta bushe, mata su ɓare ta a turmi, gama gyaɗa ɓararra ake fitarwa daga wannan yanki, don kada a biya kuɗin ɗaukar ɓawo a tafiya mai nisa haka. A kai ta sikeli a kan jaki. Yaron kamfani ya auna ya biya da kuɗin da uban gidansa ya ba shi, shi ma uban gidan daga kamfani ya karɓo. A ɗinke buhu. Daga nan sai raƙuman Buzaye, waɗanda jirgi ya raba su da fataucin hamada, su ɗauka zuwa kudu. Wannan abu yana da ban mamaki ƙwarai, jirgin da ya kashe ayari shi ne kuma ya ba raƙumi sabon aiki na shekaru masu yawa, kafin manyan motoci su karɓe shi sannu a hankali. Daga Maraɗi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina zuwa Kano kimanin kilomita 250 ne. Mutanen Gazawa da Agye kuwa ba su da bukatar zagayawa ta Maraɗi, don birnin Katsina ya fi Maraɗi kusa da Gazawa.

Ba gyaɗa kaɗai jirgi ya ɗauka ba. Fatar jar akuyar Maraɗi, wadda a da take ƙetare hamada har Turawa suka sa mata sunan fatar Maroko, ta koma bin Kano zuwa Ikko. Shanu da tumaki ana kora su da ƙafa zuwa Kano ko Ƙauran Namoda, a loda su a taragu zuwa mahautan kudu. Abin da yake haurowa kuwa shi ne goro da gishirin Turawa da kananzir da akoko da atamfa da kwanon rufi da siminti. A shekarun yunwa hatsi ma ya kan biyo layin, har ana kiran yunwar 1942 a wasu sassan ƙasar Hausa da sunan Ƴar Gusau, watau da sunan garin tashar da mutane suka riƙa dosa neman abinci.

Harshe ma ya adana shaidar wannan tarihi. A Hausar ƙasar Maraɗi kalmomin mulki da makaranta galibi daga Faransanci aka aro su, kamar lampo da duwan da kwamanda da lakwal. Amma kalmomin ciniki da sufuri irin su tasha da sikeli da kanti da lebura da direba da fasinja da sule, ta bakin Kano suka shigo, daga Ingilishi. Mutumin Agye da bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba yana faɗin tasha, yana nufin wurin da mota take tsayawa. Kalmar jirgi kanta ta kwalekwale ce tun asali, aka yi mata ƙari aka ce jirgin ƙasa. Iyakar da aka ja a 1906 ta raba kalmomin ofis, ba ta iya raba na kasuwa ba.

Daga wannan ciniki ne aka sami tushen attajiran Maraɗi. A 1942 aka kafa injin matse mai na Siconiger a garin. A 1945 ambaliyar gulbi ta ci tsohon gari, aka mai da shi kan tudu aka yanka masa tituna da unguwar kantuna. Emmanuel Grégoire, wanda ya rubuta littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna cewa da yawa daga cikinsu a gindin sikelin gyaɗa suka fara, suna saye wa kamfanoni, kafin su tsaya da ƙafafunsu.

Tsattsewa: yunƙurin juya kaya zuwa Paraku

Faransawa ba su taɓa jin daɗin wannan hali ba. Sun daɗe suna mafarkin layin da zai ratsa Sahara daga Aljeriya zuwa Kwara. An hallaka tawagar Flatters a 1881 wajen binciken hanyarsa, gwamnatin Bishi kuma ta sake tayar da maganar a 1941, amma aikin bai wuce gefen hamada ba. Layin da suka iya ginawa shi ne na Dahome, mai faɗin mita 1, wanda ya tashi daga Kwatano ya kai Paraku a 1936, tafiyar kilomita 438, ya tsaya nan. Daga Paraku zuwa bakin Kwara a Malanbil akwai sauran fiye da kilomita 300, daga nan zuwa Maraɗi ta Gaya da Doso da Birnin Ƙonni akwai wasu kusan 700.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, reluwen Nijeriya ya gaji, kawunan jirgi da taragu sun tsufa, gyaɗa kuwa ta ƙaru. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda ake ɗauka a hoto ana alfahari da ita, a gaskiya alama ce ta kayan da jirgi ya kasa kwashewa a kan kari. Akan ce dala ɗaya tana cin buhu 15,000. Gyaɗar Faransawa kuwa, da yake baƙuwa ce, ba ita za a fara ba taragu ba. Na biyu, kuɗin dakon jirgi da na tashar Apapa da fam ɗin Ingila ake biyansu, Faransa kuma tana ƙarancin kuɗin waje. Saboda haka a 1953 aka ƙaddamar da shirin da suka kira Hirondelle, watau tsattsewa, tsuntsuwar da take zuwa ta koma. Ma'anar sunan ita ce mota kada ta yi tafiya wofi: ta hauro daga Paraku da mai da siminti da haja, ta gangara da gyaɗa. Aka kafa asusun daidaita kuɗin dako, don ɗan kasuwan da ya bi ta Dahome kada ya biya fiye da wanda ya bi ta Kano. A 1958 aka buɗe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, a 1959 kuma aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa da sufuri tsakanin Dahome da Nijar, OCDN, wadda ta koma OCBN bayan Dahome ta zama Benin a 1975. Ta wannan hanya Nijar ta zama mai rabo a cikin reluwen da ba ya taka ƙasarta.

Idan aka auna hanyoyin biyu da tsawo kawai, bambancinsu ba shi da yawa, kowacce wajen kilomita 1,400 ce daga Maraɗi zuwa teku. Bambancin yana cikin rabon tafiyar. Ta Kano, kashi ɗaya cikin biyar ne kawai ake yi a mota, saura duk a jirgi. Ta Paraku kuwa kusan kashi biyu cikin uku a mota ake yin su, a kan hanyar da a lokacin ba ta da kwalta. Kaya mai nauyi maras tsada irin gyaɗa ba ya jure dogon dakon mota. Don haka Tsattsewa ba ta iya tashi sai da tallafi, kuma tallafin ya yiwu ne domin Faransa tana sayen gyaɗar ƙasashenta a kan kuɗin da ya fi na kasuwar duniya. Ko da hakan, babban kaso na gyaɗar gabashin Maraɗi da Damagaram bai daina bin Kano ba. Shirin ya fi amfanar Yamai da yammacin ƙasa wajen shigo da kaya. Ga manomin Gazawa, wanda yake kusan kilomita 100 gabas da Maraɗi, kowane taku zuwa Paraku nisanta ce daga tashar da take bayan gidansa.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962, ta ba ta ikon fitar da gyaɗa ita kaɗai. A kakar 1966 zuwa 1967 abin da aka saya ya kusa tan 200,000 na ɓararriyar gyaɗa, kuma a shekarun nan gyaɗa da manta da ƙulinta su ne fiye da rabin abin da ƙasar take sayarwa a waje. A nan ne iyaka ta nuna wani hali nata. Kuɗin da SONARA take saye da wanda hukumar ciniki ta Jihar Arewa take saye ba sa zama ɗaya, darajar sefa da ta fam ma tana hawa tana sauka. Duk shekarar da sikelin Nijar ya fi tsoka, gyaɗar Katsina da Daura ta kan hauro da dare a kan jakai, a auna ta a matsayin ta Nijar, sa'an nan ta koma Kano a mota da takardun hukuma ta shiga jirgi. Shekarar da abin ya juya, ita ma ta juya. Mai nazarin alƙaluman noman wannan yanki ya kamata ya riƙe wannan a ransa, don ba duk abin da aka auna a Gazawa ne aka noma a Gazawa ba.

Kaya ya ƙare, layi ya mutu

Rushewar ta zo ta fuskoki da yawa cikin shekaru goma. Rikicin 1966 ya kori ƙwararrun ma'aikatan reluwe ƴan Gabas daga Arewa, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya rufe layin Fatakwal, kaya suka cushe a layin Ikko. A wajen 1967 Faransa ta janye ƙarin kuɗin da take biya a kan gyaɗa, bisa ƙa'idodin Kasuwar Tarayyar Turai. Sai fari ya biyo baya, wanda ya tsananta a 1973, har taragun da suka saba gangarawa da gyaɗa suka koma haurowa da hatsin agaji. A 1975 cutar da ɗarɓa take yaɗawa ta cinye abin da ya rage a gonaki, a Nijar da Arewacin Nijeriya baki ɗaya. Manomi ya koma ga hatsi da wake. Dalar Kano ta ɓace.

Layin Paraku ya sami wani kaya, domin daga 1971 aka fara fitar da yuraniyom daga Arlit, ana kawo shi a mota a sa shi a jirgi zuwa Kwatano. Layin Kano kuwa bai sami magajin gyaɗa ba. Kuɗin man fetur ya sa Nijeriya ta zuba dukiya a kan tituna, manyan motoci suka ƙwace dako, hukumar reluwe da aka kafa a 1955 ta shiga ciwon da ko ƙwararrun Indiya da aka ɗauko tsakanin 1979 da 1982 ba su warkar ba. Kayan da ƙasar Gazawa ta koma fitarwa, watau wake da aya da riɗi da dabbobi, sun bambanta da gyaɗa ta wata fuska mai muhimmanci: mafi yawansu ba teku suke nema ba, kasuwannin Nijeriya suke nema, irin su Jibiya da Dawanau da biranen kudu. Ayar Agye da Caduwa, alal misali, a ƙananan kasuwanni take taruwa, ta tafi wurare dabam-dabam. Irin wannan kaya mota ta fi dacewa da shi, don tana shiga har bakin rumfa.

Sabon layin Kano zuwa Maraɗi

Ƙarfen jirgi na farko da aka shimfiɗa a Nijar shi ne na kamfanin Bolloré, daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, tsakanin 2014 da 2016. Nufin shi ne a haɗa shi da Paraku, amma shari'a a kan wanda yake da haƙƙin ginin sashen Benin ta tsai da aikin, layin ya zauna ba kaya. A watan Janairu na 2021 kuma gwamnatin Nijeriya ta sa hannu da kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan gina layi daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da reshe zuwa Dutse, a kan kuɗi kusan dalar Amurka biliyan 2. Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin a watan Fabrairu na wannan shekara. An tsara ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Masu suka a Nijeriya sun ce an ci bashi don a yi wa wata ƙasa aiki. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya ba da hujjar cewa manufar ita ce a janyo kayan Nijar daga tashoshin Kwatano da Lome zuwa na Ikko. Wanda ya san tarihin 1953 zai ga cewa Tsattsewa ce aka juya kanta.

Akwai abubuwa da wannan tarihi yake sa a tambaya game da layin. Faɗinsa milimita 1,435 ne, saboda haka taragunsa ba za su hau tsohon layin Kano zuwa Ikko ba. A lokacin da aka aza harsashin, layi mai irin wannan faɗi ya haɗa Abuja da Kaduna tun 2016, na Ikko zuwa Ibadan an buɗe shi a 2021, na Kaduna zuwa Kano an fara shi a shekarar, amma tsakanin Ibadan da Abuja babu. Muddin wannan giɓi yana nan, kayan da ya taso daga Maraɗi sai an sauke shi an sake lodi kafin ya ga teku, kuma sauke-sauke shi ne abin da ya nakasa hanyar Paraku. Sa'an nan akwai maganar iyaka. Nijeriya ta rufe ta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A duk waɗannan lokatai jaki da babur sun sami ɓarauniyar hanya, jirgin ƙasa kuwa hanyarsa ɗaya ce, a kan idon duwan take.

Ga gundumomin uku da ake magana a kansu, layin bai ratsa ko ɗaya ba, ta ƙasar Madarumfa aka tsara zai shiga Maraɗi. Gidan Runji, mai nisan kimanin kilomita 50 yamma da Maraɗi a kan kwalta, ita ce za ta fi saurin kai kaya sabuwar tasha, tare da albasar da take fitowa daga wajen Galmi da Madawa ta wannan hanya. Agye tana tsaka-tsaki. Gazawa kuwa, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, idan aka bi nisa, tashar Katsina ce tata, a kan hanyar nan da ayarin gishiri ya bi da Barth a 1851.